Gidan Sakkwato daban, gidan Jos daban, amma duk iri ɗaya muke ginawa

Duk shekara da zarar watan Maris ya kama har zuwa farkon damina sai ka ga kowa a Facebook yana kukan zafi, wannan ya ce bai runtsa ba, waccan ta ce yara duk sun yi ƙurajen zafi sai kuka suke, a yi ta faɗa da masu wuta a yi ta Allah ya isa, kuma gaskiya ne rashin wuta yana cutar da mu sosai ba na musu, amma akwai abin da ba na jin ana taɓowa, shi ne shi kansa ɗakin da muke kwana a ciki, da me aka gina shi, me aka rufa masa a ka, ina tagarsa take kallo. Ni dai wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mutum zai tara kuɗi shekara da shekaru ya gina gida sannan gidan ya zama shi ne yake azabtar da iyalinsa wata uku a kowace shekara.

Abin da nake gani shi ne yanzu gida iri ɗaya muke ginawa ko'ina. Ka je Sakkwato, ka je Maiduguri, ka je Jos, ka sauka Legas ko Fatakwal, ka tsallaka Maraɗi da Damagaram, sabbin unguwanni duk abu ɗaya ne, bulon siminti mai inci 9 ko ma inci 6 in aljihu ya yi rauni, a ɗora kwano ko langa-langa, a sa silin na PVC ko POP, a manna taga mai gilashi irin ta zugewa, a zuba tayil, a shafe tsakar gida da intalok, shi ke nan an gama gida. To amma yanayin waɗannan garuruwa ai ba ɗaya ba ne ko kusa. Abin da gidan Sakkwato yake buƙatar a tare masa daban, abin da na Jos yake buƙata daban, na Legas ma daban, kuma wanda bai fara duba yanayin garinsu ba kafin ya sayi kayan rufi, to kuɗinsa zai iya tafiya a abin da ba zai amfane shi ba.

Mu fara da namu na nan arewa can ƙurya, Kano, Katsina, Sakkwato, Maiduguri, Damagaram da makamantansu. A watan Afrilu zafin rana yana kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, a Sakkwato da Maiduguri ma yana wucewa ba wani abin mamaki ba ne, kuma a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali sai da ya kai digiri 48.5, yankinmu ne fa na Sahel ba wata duniya ba. Amma kuma wannan garin da ake ƙonewa a Afrilu, in hunturu ya zo a Disamba da Janairu da asuba sai ka ga ya sauko digiri 13 ko ƙasa da haka, mutane na ɗauke da ruwan ɗumi zuwa alwala. Abin lura na biyu shi ne iskarmu a bushe take mafi yawan shekara, a hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa ƙafa ta yi kaushi, kuma busasshiyar iska ba ta riƙe zafi da dare, don haka tsakanin tsakar rana da asuba sai a samu bambancin digiri 15 ko fiye. Wannan bambanci na dare da rana shi ne dukiyar da iyayenmu suka gina gidajensu a kanta.

Bangon ƙasa mai kauri ba wai yana hana zafi shiga ba ne gaba ɗaya, a'a, jinkirta shi yake yi. Rana ta doke shi tun hantsi, shi kuma ya yi ta shanye zafin a hankali a hankali, kafin zafin ya ratsa ya iso ciki an yi awa 8 zuwa 10 ko fiye gwargwadon kaurinsa, lokacin kuwa rana ta faɗi gari ya fara hucewa, da dare kuma bangon ya sauke abin da ya ɗauka, asuba ta sanyaya shi, gobe a sake. Shi ya sa in ka shiga zauren tsohon gida da azahar za ka ji sanyi ya ratsa ka ba fanka ba komai, ka shiga Gidan Makama a Kano da rana tsaka ka ji da jikinka, ko tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen 1830 zuwa 1840. A hunturu kuma aikin ya juya, bangon ya tara ɗumin rana ya sake shi da dare lokacin da ake buƙatarsa. A Agadas inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, tsohon garin gaba ɗaya na ƙasa ne, da hasumiyar masallacinsu mai tsawon mita 27, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, kuma har yau mutane ne ke zaune a cikin gidajen nan.

Akwai wani dattijo magini a unguwarmu, yanzu ƙarfi ya ƙare ba ya hawa gini sai dai ya zauna a dakali yana kallon masu aiki. Wata rana ana gyaran wani tsohon soro da damina ta ci gefensa, sai na tsaya kusa da shi ina kallon yadda rufin yake daga inda ya buɗe, azara ta giginya a jere an gicciya ta, a kanta zana, a kan zana kuma ƙasa mai kauri da ta fi taƙi guda, can sama an shafe da makuba, ga indararo ya leƙo waje. Na ce masa, Baba wai duk wannan nauyi da kuke ɗora wa ɗaki a ka ba ya yi yawa ba? Ya ce ɗana ai rana daga sama take zuwa, in ba ka tare ta a sama ba a ina za ka tare ta. Ya miƙa sandarsa ya nuna mini 'yar ƙaramar taga can kusa da rufi, ya ce waccan kuma ba don ka leƙa waje aka yi ta ba, hucin ɗaki ne yake fita ta nan. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma maganar da ya faɗa ita ce dai injiniyoyi suke zanawa a takarda.

Ba ina cewa kowa ya koma ginin ƙasa ba ne ko kuma ginin ƙasa ba shi da matsala. Yana da ita. Duk shekara sai an yi yaɓe, watan Agusta in ruwa ya yi kwana da kwanaki yana zuba soraye suna yoyo wasu ma su rufta a kan mutane, azara ta yi tsada ta yi wuyar samu, magina na ƙwarai da suka san kwaɓin ƙasa da ɗaurin guga suna ta ƙarewa. Sannan a tsakiyar bazara, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu lokacin da hadari ya fara haɗuwa iska ta fara ɗaukar laima, daren ma ba ya hucewa, to a lokacin shi ma bangon ƙasa ba ya samun damar sauke zafinsa, shi ya sa tun asali ake fitowa tsakar gida ko saman soro a kwana. Wato gidan Bahaushe na da ba bango kaɗai ba ne, har da tsakar gida da rumfa da bishiya duk cikin lissafin suke. Mu kuma yanzu mun cinye filin da ɗakuna, ga sauro ga rashin tsaro, kwanan waje ya gagari mutane da yawa, sai a cunkushe a ɗaki mai zafi ba iska, lokacin kuma shi ne lokacin sanƙarau.

Ya kamata a bambance abu biyu da ake haɗa su. Akwai abu mai nauyi da yake shanye zafi ya ajiye, kamar ƙasa da dutse da kankare, akwai kuma abu marar nauyi mai tare zafi ya hana shi wucewa, kamar ciyawar jinka da audugar gilashi, wato wani abu mai laushi kamar auduga da ake yi da zaren gilashi, da farin soson nan da ake sako firji ko talabijin a cikinsa, su sirrinsu iska ce da ta maƙale a cikinsu ba ta motsi. Shi wannan na biyun aikinsa irin na kular abinci ne, ka zuba tuwo da zafi ta riƙe maka zafin, ka zuba ƙanƙara ta riƙe maka sanyin, ba ruwanta da abin da ka sa. Don haka in ka lulluɓe ɗaki da abin tare zafi amma ka bar rana tana shiga ta gilashi, ga firji ga girki ga mutane, kuma ba ka buɗe taga da dare, to zafin ka kulle a ciki. Bulon siminti na kasuwa kuwa ya faɗa tsakiya, ba shi da kaurin da zai jinkirta zafi sosai, ba shi kuma da taushin da zai tare shi, rana ta doke shi da la'asar, da magariba zuwa isha ya fara huci a cikin ɗaki daidai lokacin da za a kwanta.

Amma babban mai laifi rufi ne. Mu muna kusa da tsakiyar duniya, Kano tana kan digiri 12 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, a wajajen ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakar kanmu daidai, inuwarka ma a ƙarƙashin ƙafarka take da azahar, don haka gida mai hawa ɗaya mafi yawan zafinsa ta sama yake shigowa. Kwano a irin wannan rana yana haura digiri 60, mai duhun fenti har 70 yana kaiwa. Yanzu kuma yayi ya zo na rufi mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, irin mai yashi-yashin nan, a yi shi dogo ya yi tsini, mai kyau ne a ido ba shakka, amma wannan tsinin an yi shi ne don ƙasashen da ƙanƙara ke sauka da masu ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, duhun kuma zafi kawai yake zuƙa. Farin rufi ko mai haske yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana, kuma kuɗinsu kusan ɗaya ne a kasuwa, zaɓin launi ne kawai.

Na taɓa bin wani kafinta na leƙa cikin silin ɗin wani gida da ake gyaran waya da rana, na ɗora ƙafa a tsani na tura kaina ta 'yar ƙofar nan, wallahi iskar da ta bugi fuskata sai da na ja baya, numfashi ma da ƙyar, ƙusoshin da suka leƙo ta ƙarƙashin kwanon ba sa taɓuwa, katakon rufin har wani ƙauri yake. Shi kafintan rigarsa ta jiƙe sharkaf, ba ya iya daɗewa sai ya sauko ya sha ruwa ya koma. Na haska fitilar waya na duba ko'ina, ba wata kafa ko ɗaya da iskar nan za ta fita, an toshe bakin rufin da bulo an shafe da filasta, tsakanin wannan wutar da gadon da yara ke kwana kuwa ba komai sai fallen PVC da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Na ce masa, Malam me ya sa ba ku barin kafa? Ya ce Yallaɓai masu gida ne ba sa so, sun ce jemage da ƙadangare da ƙura, kuma babu mai tambayarmu ma, mu abin da aka ce mu yi muke yi. Mai gidan nan kuwa kuɗin da ya kashe a kwalliyar falo kaɗai ya isa ya gyara saman gidan gaba ɗaya.

To me ake yi wa rufi a irin garuruwanmu? Abu na farko kafar iska a cikin rufin, ta ƙasa a bakin rufi inda iska za ta shiga, ta sama inda mai zafin za ta fita, a sa raga mai ƙarfi saboda jemage da ɓera da tsuntsu. Na biyu takardar alminiyam mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano kafin a buga shi, tana mayar da hucin kwanon, amma fa sai an bar tazara tsakanin fuskarta mai ƙyallin da abin da ke gabanta, in aka manne ta da wani abu aikinta ya ragu ƙwarai, kuma a nan yanayinmu ya sake shigowa, domin ƙurar hunturu in ta kwanta a kan ƙyallin ta kashe shi, shi ya sa ya fi kyau fuskar mai ƙyalli ta kalli ƙasa inda ƙura ba ta zama, wanda ya shimfiɗa ta a kan silin tana kallon sama a Kano, hunturu ɗaya ko biyu ta zama ba ta da amfani sosai. Na uku shi ne shimfiɗa audugar gilashi ko ta dutse a kan silin ɗin, wannan shi ne ainihin mai tare zafi, a jera ta ba tare da barin giɓi ba kuma kar a danne ta domin kumburinta shi ne aikinta, mai sawa ya rufe hanci da hannu don tana ƙaiƙayi. Farin soso ma yana aiki kuma ya fi araha, sai dai yana cin wuta yana fitar da mugun hayaƙi, ga wayoyinmu yadda ake ja su a cikin silin, ni dai ba zan sa shi tsirara kusa da waya ba sai an saka wayoyin a bututu.

Sai dai duk wanda zai ɗaga rufi ko ya buɗe masa kafa kar ya manta da iskar farkon damina, wadda take zuwa da ƙura ta yaye kwanon unguwa guda cikin minti kaɗan. Saboda ita ne ma ake zagaye rufi da bango a ɓoye shi a arewa. A ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin bimin kankare sosai, sannan in an ɓoye rufin a bango to a huda bangon a sa bulo mai ƙofofi da raga, kar a toshe shi ruf.

Masu dekin kuma su sani kankare a fili ƙarƙashin rana yana tara zafi ne ya sauke maka shi tsakar dare, wanda yake zaune a hawan ƙarshe na bene ya san wannan. Ko dai a yi masa rumfar kwano a sama iska na ratsawa tsakani, ko a shafe shi da farin fenti a riƙa sabuntawa, kuma masu sa sola sun samu riba biyu don farantan suna yi wa rufin inuwa.

Bayan rufi sai bangon yamma. Rana in ta karkata daga la'asar tana dukan bangon yamma kai tsaye a lokacin da gari ya riga ya ɗau zafi, don haka ɗakin kwana a yamma da babbar taga ta gilashi azaba ce, can ya kamata a tura banɗaki da sito da matakala. Labule a ciki ba ya hana komai sosai tunda zafin ya riga ya ratsa gilashi, inuwa daga waje ake yi, baranda ko rumfa ko bishiya. Kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake sare darbejiya da mangwaro a gida don kar ganye ya ɓata intalok, alhali intalok ɗin nan zafi yake sha wuni guda ya yi ta huci har tsakar dare ta tagar da ka buɗe don shan iska. Ita taga a garinmu aiki biyu gare ta, ta buɗe gaba ɗaya da daren bazara, ta kuma rufe ruf a hunturu saboda ƙura da sanyi, ta zugewa kuwa rabi kawai take buɗewa komai girmanta. Mutane da yawa kuma suna buɗe taga da tsakar rana a bazara wai a sha iska, iskar da ta fi cikin ɗakin zafi, a busasshen gari in gidanka yana da kauri da rufi mai kyau rufewa ake yi da rana a buɗe bayan isha har safiya.

Yanzu hau mota ka tafi Jos. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, tsaunin Mambila wajen Gembu ma ya fi haka, can zafi ba shi ne babbar matsala ba, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 10, ga iska mai kaɗawa. Kwanon nan da yake gasa mutumin Sakkwato da rana, a Jos shi ne yake zubar da ɗumin ɗaki da dare, har raɓa ta taru a ƙarƙashinsa tana ɗiga da asuba in ba silin. Don haka audugar da za a shimfiɗa a kan silin a can aikinta riƙe ɗumi ne a ciki, takarda mai ƙyalli ba ta da muhimmancin da take da shi a Kano, abin da ya fi shi ne toshe kafofin da iska ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, kuma hasken ranar da na ce a tare a gari mai zafi, a Jos alheri ne a bar shi ya shigo. Gilashin luba da yake da daɗi a gari mai zafi, a can wahala ne don ba ya rufuwa sosai. Amma don Allah duk wanda ya toshe ɗakinsa saboda sanyi kar ya shiga da kaskon gawayi ya rufe ƙofa ya kwanta, gawayi yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji ya wuce, an sha rasa iyali guda ta wannan hanya, haka ma hayaƙin janareta. Gidan da ya riƙe ɗumi da kansa shi ne yake rage buƙatar kaskon tun farko.

Ka sauka kudu kuma, 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da masu zama Fatakwal, labarin ya sake canzawa. Zafinsu a ma'auni bai kai namu ba, digiri 32 zuwa 33 da rana, amma danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100, zufa ba ta bushewa a jiki, kuma da dare ba ya sauka sosai, 24 ko 25, bambancin dare da rana kaɗan ne. To bango mai kauri a can ba shi da daren sanyi da zai sauke zafinsa, amfaninsa ya ragu, abin da jiki yake so shi ne iska ta ratsa ɗaki ta shiga nan ta fita can, manyan tagogi a bango biyu masu kallon juna, silin mai tsawo, bakin rufi ya zazzago sosai ya kare bango daga ruwa don Fatakwal ruwanta ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na Kano. Rufi dai har yanzu yana son a tare masa zafi, amma kayan da za a sa sai wanda laima ba za ta lalata ba, audugar da ta jiƙe ta daina aiki sai nauyi da fumfuna. In kuma ɗakin mai iyakwandishan ne sai a kula, iska mai laima daga waje in ta taɓa wuri mai sanyi ruwa take zama, shi ne kake ganin silin ya yi baƙi-baƙi bayan durowa ya yi wari. Ko fankar nan mai ruwa da take sanyaya ɗaki a Sakkwato a watan Maris, a Legas ba abin da za ta ƙara sai danshi, mu ma nan in Agusta ta zo ta daina aiki, dalili ɗaya ne da ya sa ruwan randa ya fi sanyi a rani.

Garuruwan tsakiya kamar Abuja da Minna da Lakwaja sun haɗa biyun, rani irin namu damina irin ta kudu, su sai su riƙe rufi da kyau su kuma yi tagogin da za su buɗe sosai.

Wani lokaci 'yan uwanmu da ke zaune a Ingila in sun zo gini gida sai su zo da tunanin can, a rufe ko'ina a sa gilashi mai ruɓi biyu. Su can gaskiyarsu ne, sanyi ne abokin gabarsu, har shawarar da ake ba su ita ce a shimfiɗa auduga mai kaurin milimita 270 a saman silin, manyan tagogi kuma don su kama 'yar ranar da suke samu. Amma da zafi ya kai digiri 40 a Ingila a Yulin 2022 waɗannan gidaje nasu wahala suka ba su. Gilashi mai ruɓi biyu a Kano in rana tana dukansa bai hana haskenta shigowa ya zama zafi ba, inuwar waje ta fi shi aiki nesa ba kusa ba, sai dai in ɗakin kullum a kan iyakwandishan yake, nan kam toshe kafofi da tare zafi yana rage kuɗin wuta ƙwarai, kuma tun da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 wannan lissafi ya zama na kowa, mai sola ma ya san duk zafin da ya hana shiga batir ya rage wa aiki.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne akwai 'yan yankinmu da suka nuna ana iya haɗa na da da na yanzu. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya sa silin na bulon ƙasa, sannan ya ɗaga rufin kwano sama da shi a kan ƙarafuna iska na wucewa tsakani, kwanon ya zama laima kawai mai kare ruwa da rana, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini. A Nijar kuma Mariam Issoufou Kamara tare da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci a Dandaji cikin jihar Tawa a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji, tsohon masallacin kuma aka mayar da shi ɗakin karatu, garin Hausawa ne fa, ƙasar wurin ce magina na wurin ne. Najeriya ma tun 2017 tana da ka'idar gini mai tsimin makamashi da gwamnatin tarayya ta fitar, a ciki har da maganar sa abin tare zafi a rufi da rage girman gilashi ko yi masa inuwa, sai dai mafi yawan gidajenmu tsakanin mai gida da birkila ake yanke shawararsu a bakin fili, labarin bai kai gare su ba, kuma masu sayar da kayan gini a kasuwanninmu ba kowa ke ajiye audugar ba tunda ba a tambaya.

Na san da yawa masu karanta wannan haya suke, ba su da ikon taɓa rufi. Ko a haka akwai abin yi. Zana ko tabarmar kaba a rataye ta waje da tagar yamma, a bar tazara kaɗan tsakaninta da bango, ta fi labule mai tsada. Ɗakin da ba silin a samu ko na tabarma ko buhu a ɗaura ƙarƙashin kwano a bar iska tsakani, nesa da waya da wurin girki. A yi magana da mai gida a shafa wa kwano farin fenti kafin bazara a cire a kuɗin haya, a sake shafawa in ƙura ta dusashe shi. Wanda kuma yake kan gini yanzu bai kai rufi ba, wannan ne lokacin, domin takarda mai ƙyalli kafin a buga kwano ake shimfiɗa ta, in an riga an buga sai an ɓalle, ita kuma kafar iska tun birkila yana kan layin bulo na ƙarshe ake gaya masa ya bari.